Karen da Ya Tsufa a Layinmu

A shekarar 2012 abubuwa biyu suka canza a gidan Velile Makeleni, maƙwabcina na tsallaken titi a unguwar KwaNobuhle. A farkon shekarar, masana'antar motocin da ya yi wa aiki tun yana saurayi ta sallame shi da fansho da agogon bango. Kafin sanyi ya wuce kuma, matarsa Nowinile ta rasu. Gidan da muka saba jin rediyo da ƙarar tukwane a cikinsa tun da asuba ya yi tsit, har mutum ya wuce ta ƙofar bai san da kowa a ciki ba.

A layinmu ba a kiransa Velile. Jola muke ce masa, sunan zuriyarsu, yara kuma su ce Tata Jola, wato Baba Jola. Ni kuwa Titshala yake kirana, wato malam, saboda koyarwar da na yi, ko da yake na daɗe da ajiye alli. Dogo ne, mai tafiya a miƙe, ba ya fita ba hula, kuma ba ya son a yi magana biyu a kan abu ɗaya.

Abin da aka fi saninsa da shi ba aikin masana'anta ba ne. Ya shekara fiye da ashirin yana shugabancin ƙungiyar jana'iza ta unguwarmu. Ranar Lahadin farko ta kowane wata, bayan an tashi daga coci, mukan taru a garejin wani daga cikinmu, kowa ya ba da nasa. Ranar da mutuwa ta shiga gidan ɗan ƙungiya, ƙungiya ce ke kawo akwati da rumfa da kujeru da sa na yanka da motar kai mutane maƙabarta. Muna da dokoki a rubuce, kuma mafi tsananinsu ita ce duk wanda ya yi wata uku bai biya ba, ya fita. Jola ya haddace dokokin nan, amma na sha ganin ya tanƙwara su da hannunsa.

Wadda kowa ke tunawa ita ce ta mijin wata mata a unguwarmu mai suna Nosisa. An kore shi daga aiki, ya daina biya, ya kwanta ciwo, ya mutu sunansa a goge. Nosisa ta zo taro ta tsaya a gabanmu da ɗankwalin takaba, ta faɗi halin da take ciki. Ma'aji ya buɗe baki zai karanta doka, sai Jola ya ɗaga masa hannu.

"An rubuta dokar nan ne domin wanda ba mu sani ba," in ji shi. "Wannan kuwa mun san shi. Shekara nawa yana ɗaukar mana kujeru a ka?"

Aka binne mijin Nosisa da akwati da rumfa da sa, kamar kowa. A wurin Jola, haka duk wata ƙungiya da ake biya wata-wata take: akwai takarda, akwai kuma mutanen da ke zaune a bayan takardar, kuma wanda ya daɗe yana biya yana da damar ya cire hula ya tsaya a gabansu a saurare shi.

'Yarsa tilo, Lindelwa, ma'aikaciyar jinya ce a Cape Town. Bayan an gama zaman makoki, ta ga ba za ta iya barin uban shi kaɗai da agogon bango ba, sai ta kawo masa ɗan kwikwiyo ruwan ƙasa mai manyan ƙafafu. Da farko ya ce ta mayar da abinta. Bayan mako guda muka gan shi zaune a bakin ƙofa yana ba shi madara a murfin kwano. A lokacin ana ta magana a layi: wasu na cewa tsohon zai sake aure kafin shekara, wasu na cewa zai bi matarsa. Sai ya sa wa karen suna Bayeke, wato ƙyale su. Kullum da yamma yakan tsaya a tsakar gida ya kira sunan da ƙarfi, wanda ya tsargu ya ji.

Lindelwa ce ta kawo maganar inshora. A asibitin da take aiki, abokan aikinta masu karnuka duk sun yi, kuma ta ga yadda kuɗin likitan dabbobi ke karya mutum. Jola bai yi gardama ba, domin biyan wata-wata abu ne da ya gane. Sharaɗinsa kawai shi ne da kuɗinsa zai biya, kuma shi zai zaɓa. Ranar da za a yi wayar ya aika a kira ni in zama shaida, kamar yadda yake yi a duk wata maganar ƙungiya. Dumile, makanikin da ke gyaran mota a gefen gidansa, ya biyo ni ba da gayyata ba, yana goge hannu da tsumma.

Yarinyar da ta amsa wayar ta yi bayani dalla-dalla, cikin harshe mai tsabta, har ban sami abin gyarawa a jimlolinta ba. Ta ce matakai uku ne. Na ƙasa na haɗari ne kaɗai: mota, guba, cizo, karaya. Na tsakiya ya haɗa haɗari da rashin lafiya, har da tiyata. Na sama kuma ya ƙara da allurar rigakafi da wankin haƙori da sauransu. Ta kuma faɗa, har sau biyu, cewa idan kare ya cika shekara takwas ba a ƙara masa mataki, kuma duk cutar da aka riga aka gano kafin ƙarin, ba ta shiga.

Jola ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya juyo gare mu.

"Titshala, karen gidanka na farko, me ya kashe shi?"

Na ce motar haya ce.

"Na biyun fa?"

Na ce gubar ɓarayi.

"Kai fa, Dumile?"

"Ni nawa uku, Tata. Biyu mota, ɗaya kuma matata ta ce ɓarayi ne, amma har yau ina zargin girkinta."

Jola bai yi dariya ba. Ya bi layin gida-gida da yatsa, yana kiran sunayen karnukan da muka sani, bai sami ko ɗaya da ciwo ya kashe ba. Gaskiya ya faɗa. A KwaNobuhle kare ba ya kai ga furfura. Ko dai ƙananan motocin hayar nan da ke gudu kamar ana korarsu su take shi, ko kuma masu hawa katanga su jefa masa nama mai guba kafin su shigo. Wanda ya biya wa kare kuɗin cutar tsufa a nan, in ji Jola, ya biya wa abin da ba zai zo ba.

Lindelwa, da ke zaune tare da mu a ɗakin, ta roƙe shi ya ɗauki na tsakiya, ta ce ita za ta cika bambancin. Ya ƙi. Ta tuna masa maganar shekara takwas.

"Kowace ƙungiya tana da irin wannan layin a takardarta, 'yata," ya ce. "Mu ma muna da shi. In lokacin ya yi, zan je in zauna da su."

Ya ɗauki na ƙasa. Abin da ya rage a hannunsa kuma ya ƙara a kan inshorar jana'izarsa, ya kai ta mataki mafi girma, ban da ta ƙungiya, domin ya rantse ba zai bar wa Lindelwa nauyin binne shi ba. Dumile ya ce ashe ranar da Tata ya mutu za a ci sa biyu, shi kam zai fara azumi tun yanzu.

Abin da Jola bai sa a lissafinsa ba shi ne shi kansa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaure ƙusoshin ƙofar mota ba tare da ya bar ɗaya a kwance ba, haka ya riƙe karen nan. Ya ƙara tsawon shinge, ya toshe ƙarƙashin ƙofa da ƙarfe. Bayeke bai taɓa taka titi ba sai da igiya a wuya, Jola na riƙe da ɗaya bakin. Ya koya masa kada ya ci komai daga ƙasa, ko daga hannun kowa in ba nasa ba, ya kuma sha wahala kafin karen ya koya. Kowace Asabar yakan yi masa wankan maganin kaska a tsohon bahon Nowinile. Idan ya dafa masara da wake, sai ya ɗebi na Bayeke kafin ya sa gishiri da barkono.

Wata safiya layin ya tashi da kuka, an sa wa karnukan gidaje da dama guba, an kwashe talabijin da batiran mota. A tsakar gidan Jola aka sami tsokar nama ƙudaje na bi, Bayeke na zaune nesa da ita yana kallo. Jola ya ɗauke ta da shebur, ya zaga layin da ita yana nuna wa mutane, ba don ya yi musu dariya ba, sai don ya kasa riƙe alfaharinsa.

Karen ya girma ya zama ƙato, mai nutsuwa kamar ubangidansa. Da safe su fita tare har bakin filin ƙwallo su dawo. Da rana Jola ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe yana karanta masa jarida, yana kuma gaya masa ra'ayinsa game da 'yan majalisar gari. Na sha tsallakawa in same su a haka. Tsohon da aka ce ba zai shekara ba ya yi ƙiba, ya koma rera waƙa a coci. Kuma duk tsawon shekarun nan banki na cire kuɗin inshorar kowane wata, shi kuwa bai taɓa neman ko senti ɗaya ba. Yakan faɗi haka da irin muryar da ɗan ƙungiya ke cewa bai taɓa fashin taro ba. A ganinsa suna yake tarawa a wurinsu.

Bayeke ya cika shekara takwas a 2020, shekarar annoba. Saƙo ya shigo wayar Jola cewa wannan ce damarsa ta ƙarshe ta ƙara mataki. Ya gani, ya nuna mini ma. Amma a watannin nan ƙungiya na binne mutum kusan kowane mako, ba rumfa, ba sa, ba taro, kuma shi ne ke yawo da takunkumi a fuska yana neman akwati a inda akwatuna suka ƙare. Lindelwa ta buga daga asibitinta, da muryar wadda ba ta yi barci ba, ta ce Tata ka kira su yau. Ya ce bari a gama da mutane tukuna, kare lafiyarsa ƙalau, kuma mutanen inshora ba za su ƙi dattijon da ya shekara takwas yana biya ba saboda ya makara. Ranar ta wuce. A shekarar da ta biyo ya sauka daga shugabanci, ya ce ya gaji da ganin rami.

A cikin 2022 Bayeke ya fara barin abinci a kwano. Furfura ta riga ta rufe masa baki, shi ne kare na farko da na ga haka a layinmu. Haƙarƙarinsa suka fito, cikinsa kuma ya yi girma. Tafiyar filin ƙwallo ta koma tafiyar bakin layi. Dumile ya kai su wurin likitar dabbobi a cikin gari da motarsa. Likitar ta ɗauki hoton cikin, ta ce ƙari ne a saifa. Ta ce idan aka cire saifar da wuri, akwai kyakkyawan zaton karen zai ƙara wasu shekaru, amma irin wannan ƙarin yakan fashe ba sanarwa, kuma idan ya fashe, zance ya ƙare. Ta ce kada a wuce watan. Kuɗin aikin ya kusa fanshon Jola na wata biyar. Ta tambaye shi matakin inshorarsa, da ya faɗa mata sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu.

A daren ranar Lindelwa ta ce za ta karɓi rance a wurin aiki, kuɗin zai fito cikin 'yan kwanaki. Jola ya hana ta. Ya ce ba za ta ɗauki bashi a kan abin da ya shekara goma yana biya ba, kuma ba a fara zuwa wurin 'ya'ya kafin a je wurin ƙungiya. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira ni ta ce in yi masa magana. Na yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin an kori tsohon ɗan ƙungiya ba a ji ta bakinsa ba.

Ya fara da waya. Kowace rana murya dabam ce ke amsawa, kowace kuma sai ya faro mata labarin daga farko, tun daga rasuwar Nowinile. Duk suna da ladabi, duk suna kiransa Tata, duk kuma amsarsu ɗaya ce.

Dumile ya kawo tasa shawarar ta saman shinge.

"Tata, abin nan mai sauƙi ne. Ka ce mota ce ta buge shi. Ni zan ce ni ne, ina ja da baya ban gan shi ba. Motata duk jikinta tabo ne, su zaɓi wanda suke so."

"Ka taɓa ganin mota ta haifar da ƙari?"

"Motata ta haifar da abin da ya fi haka."

"Na shekara ashirin ina kama masu kawo mana takardar mutuwar ƙarya, Dumile. Ba zan tsufa in zama ɗaya daga cikinsu ba. Ka koma ƙarƙashin motarka."

Daga nan ya yanke shawarar zuwa da kansa. A kan takardun akwai adireshin wani ofishi a birnin Bhayi. Ya sa kwat ɗinsa baƙi na ƙungiya, mai tambari a aljihun ƙirji, wanda bai sa ba tun da ya sauka. Ya goge takalma, ya ce in raka shi. A cikin motar haya yana ta maimaita abin da zai faɗa, yana motsa leɓe, kamar ɗalibi a ranar jarrabawa.

Ginin dogo ne, na gilashi. A hawan da aka tura mu, mun sami ɗaki ɗaya mai sanyi, da tebur, da wata budurwa, da tukunyar fure. Jola ya cire hula, ya gaishe ta, ya faɗi sunansa da na zuriyarsa, ya ce ya zo ganin shugabanni. Ta ce a nan takardu kawai ake karɓa, babu wanda ke yanke hukunci, masu yin haka suna wani gari. Ta nuna masa waya a ƙarshen tebur, ta danna masa lamba. Lambar da yake bugawa daga gida ce.

Ya karɓi wayar. Akwai kujera a bayansa amma bai zauna ba. Ya tsaya a miƙe, hula a hannun hagu, ya yi jawabinsa gaba ɗaya ga bango. Ya ce shi ɗan ƙungiyarsu ne na shekara goma, bai taɓa fashi ba, bai taɓa nema ba. Ya ce kuskuren nasa ne, ba ya ɗora wa kowa. Ya ce a shirye yake ya biya bambancin mataki na tsakiya na duk shekarun da suka wuce, a cire daga fanshonsa a hankali. Ya ce karen nan bai taɓa jawo musu asara ba, domin ya tsare shi daga mota da guba da hannunsa. Budurwar ta daina taɓa kwamfutarta. Ɗakin ba shi da girma, ina jin muryar da ke cikin wayar.

"Na ji duk abin da ka faɗa, Tata, kuma na tausaya. Amma matakinka na haɗari ne, wannan kuwa cuta ce. Ko da an ƙara maka mataki yau, an riga an gano ta."

"'Yata, wane ne shugabanku?"

"Akwai mai kula da mu, Tata."

"Haɗa ni da shi."

"Zan iya, amma abin da ke gabana shi ne a gabansa."

"Yaushe kuke zama? In zo ranar."

Sai ta ce ba sa zama irin wanda yake nufi, amma akwai hanyar roƙon a sake duba hukunci, kuma amsa kan fito cikin 'yan makonni. Ta ƙara da cewa kada ya dogara da ita, ya nemi wata hanya tun yanzu. Na ji wannan da kunnena. Jola kuwa abin da ya ji shi ne za a kai maganarsa gaban dattawa. Ya yi godiya, ya mayar da hula, ya cika takardar roƙon da kyakkyawan rubutunsa. A hanyar dawowa har ya saya wa Bayeke hanta.

"Ka gani, Titshala? Ko'ina akwai taro. Sai dai a ɓoye maka ranar."

Na gaya masa abin da yarinyar ta ce a ƙarshe. Ya ce haka ma'ajinmu ma yake faɗa wa kowa kafin a zauna.

Ya jira. Likitar ta buga ta tambaya, ya ce ana kan magana. Lindelwa ta karɓi rancen ba da saninsa ba, ta turo kuɗin, ya mayar mata, ya ce idan ya yi aikin da kuɗinta, masu zama za su ce ai ya sami hanya, su rufe maganar. Watan da likita ta ba shi ya ƙare, wani ya kama. Bayeke ya daina fita ko bakin layi. Yakan kwanta a ƙarƙashin kujerar ƙarfe, Jola na karanta masa jarida da murya ƙasa-ƙasa, yana duba waya bayan kowane shafi.

Wata safiya ina shara na ga karen ya taso zai tari ubangidansa a bakin ƙofa, sai ƙafafunsa na baya suka ƙi. Ya zauna, sannan ya kwanta a gefe. Da na tsallaka, Jola ya ɗaga masa leɓe, dasashin fari fat kamar takarda. Dumile ya fito da mota ba tare da ko barkwanci ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba. Mu uku muka ɗaga shi a cikin bargo.

Likitar ta ce ƙarin ya fashe, cikin ya cika da jini, kuma a yadda karen ya raunana ba zai tashi daga tebur ba. Ba ta ce da an zo da wuri ba. Jola ne ya tambaya, ta ce masa e. Ya nemi a bar shi ya riƙe kan. Aka yi allurar yana riƙe da shi, yana kiran sunansa a hankali, ba irin kiran da yake yi don layi ya ji ba.

Ya ƙi a bar gawar a can. Muka dawo da ita, ya haƙa rami da kansa a bayan gida kusa da bishiyar lemo, bai yarda ko Dumile ya karɓi shebur ba. Da ya gama ya zauna a bakin bahon wanka, yana haki.

"Ni da nake numfashi, an tanadar mini akwati mai hannun azurfa da shanu biyu," ya ce. "Shi kuma da yake son ya rayu, na saya masa mafi araha."

Amsar roƙon ta iso bayan haka, a cikin wayarsa. Layi uku ne, an rubuta su daidai, babu kuskure ko ɗaya. Sun yi nadama, hukuncin yana nan yadda yake.

Ranar Lahadin da ta biyo, da yamma, Nosisa ta shigo gidan da wasu mata biyu na ƙungiya, da tukunya a naɗe cikin tawul. Ina wurin. Labarin ciwon bai kai gare su ba sai a makare, ta bakin matar Dumile. A taron ranar Nosisa ta miƙe ta nemi a yi wa Jola gudummawa kan rashin karensa. An yi dariya, wani ya tambaya ko za a kafa wa kare rumfa, ma'aji ya ce asusu na mutane ne. Sai ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan tebur, ta ce ba asusu ta tambaya ba, aljihu ta tambaya. Abin da aka tara bai kai kuɗin tiyata ba, amma da an haɗa da na Lindelwa, da ya wuce. Ta ajiye ƙullin a gabansa.

"Jola, ka sa kwat ɗinmu ka tafi Bhayi ka tsaya a gaban waya. Garejin da muke zama kuwa, daga ƙofarka ana hango shi."

"Yaya zan tsaya a gaban ƙungiyar jana'iza in roƙa wa kare, 'yar'uwa? Da wane baki?"

"Da bakin da ka hana a karanta mini doka. Su wa suka san ka, mu ko su?"

Ya tura mata ƙullin, ya ce a mayar wa kowa nasa, a kuma yi musu godiya. Tukunyar kawai ya karɓa. Da suka fita, na ga ya ɗebi abincin a cokali ya nufi inda kwanon Bayeke yake, sannan ya tsaya, ya mayar.

An ci gaba da cire kuɗin inshorar har wata biyu, domin ya ƙi buga lambar nan ko sau ɗaya kuma. Lindelwa ce ta rufe ta daga Cape Town. A Kirsimeti ta zo da maganar wani kwikwiyo, ta ce wannan karon mataki na sama za a yi, ita za ta biya. Ya ce kare mai kyau yakan shekara goma, shi kuma ba shi da goma a hannu.

Yau Jola yana nan a gidansa na tsallaken titi. Ya rame, ya daina rera waƙa a coci, ba ya zuwa filin ƙwallo. Yana aika kuɗin ƙungiya ta hannuna kowane wata, amma bai sake halartar taro ba, kwat ɗin kuma yana rataye a bayan ƙofa. Inshorar jana'izarsa tana nan a mataki mafi girma, bai taɓa fashin biya ba. Shingen yana nan da tsawonsa, ƙarƙashin ƙofar a toshe, kuma babu kare a gidan.